Na gefen gwani: Makaɗan jitar Amurka da ba a cika ambaton sunansu ba

A wannan karo zan ɗauke ku zuwa ƙasar Amurka, amma dalilin tafiyar daga ɗan ƙaramin gidan rediyonmu na karkara ya taso, a daren wata Asabar da nake gabatar da shirin kaɗe-kaɗen ƙasashen waje.

A daren na sa wani kiɗa mai suna Dark Star na ƙungiyar Grateful Dead, wanda ke cikin faifansu Live/Dead na shekarar 1969. Tsawonsa minti 23 ne, kuma waƙar baki da ke cikinsa ba ta taka kara ta karya ba, kusan duka jita ce ke magana. Kafin a kai minti 10 wayar sitidiyo ta fara ƙara. Wanda ya fara kira wani direban babbar mota ne, ya ce: "Malam, ko na'urarku ce ta maƙale, ko kuwa barci ya ɗauke ka?" Na biyu wani tela ne da ke aikin dare, shi kuma ya roƙe ni don Allah kada in cire, ya ce kiɗan yana tafiya daidai da kekensa. Na uku shi ne ya ɗaure ni da jijiyoyin jikina. Wani matashi ne mai buga jita a wurin bukukuwa, ya ce da ni: "Yaya, na ji ka faɗi sunan mai jitar gaba har sau uku. To wannan ta biyun da ke can ƙasa-ƙasa, wadda take shiga tana fita, wa ke buga ta?"

Na yi shiru. Sama da shekara 25 ke nan ina sauraren waɗannan mutane, tun ina ɗan kwaleji, lokacin da wani Ba'amurke ɗan sa-kai da ya yi aikin dashen itatuwa a garinmu ya tashi tafiya ya bar mini kwali guda na kaset. Na san fuskar mutumin a hoto, na sha karanta sunansa a bayan faifai, amma ban taɓa zama na saurare shi shi kaɗai ba, har a lokacin da aka tambaye ni sunan ya ɓace mini. Wannan kunya ce ta sa na koma na yi ta sauraro da karatu na tsawon makonni, kuma abin da na samo ne nake son in ba ku.

Wane irin kiɗa ne wannan?

Amurkawa suna kiran irin waɗannan ƙungiyoyi jam band. Ni dai a rediyo nakan ce masu kiɗan nan-take. Makaɗan rok ne, amma bambancinsu da sauran shi ne ba sa buga waƙa yau yadda suka buga ta jiya. Za su fara da waƙar da kowa ya sani, idan an yi baiti biyu ko uku sai su saki hanya su shiga daji, kowane makaɗi yana sauraren ɗan'uwansa yana ba shi amsa, ba tare da sun shirya inda za su ɓulla ba. Wani lokaci su dawo kan waƙar farko, wani lokaci kuma sai ka ji sun faɗa cikin wata waƙar daban ba tare da sun tsaya ba.

Uwar wannan gida ita ce Grateful Dead, wadda aka kafa a jihar Kalifoniya a 1965, ta kuma yi wasa fiye da 2,300 kafin ta watse a 1995. Sai Allman Brothers Band da aka kafa a 1969 a kudancin ƙasar, suka zauna a garin Macon na jihar Jojiya. Bayansu sai Phish a 1983 daga jihar Vermont, da Widespread Panic a 1986 daga garin Athens na Jojiya. Don mai karatu ya gane yawan masoyansu, a ranar 28 ga Yulin 1973 an ƙiyasta mutum 600,000 ne suka taru a Watkins Glen da ke jihar Niyok don sauraren Grateful Dead da Allman Brothers da wata ƙungiya mai suna The Band. Su kuwa Phish, a daren shiga shekarar 2000 sun hau dandamali a jihar Filorida dab da sha biyun dare, ba su sauka ba sai da rana ta fito, fiye da awa 7 ke nan. A 2017 kuma suka yi dare 13 a zauren Madison Square Garden na birnin Niyok ba tare da sun maimaita waƙa ko ɗaya ba.

Tun da kowane dare da irin kiɗansa, sai masoya suka shiga ɗaukar wasannin a kaset. Grateful Dead ba su hana ba, hasali ma a 1984 sai suka keɓe wa masu ɗauka wuri na musamman a filin wasa, bisa sharaɗin musanya za a riƙa yi, ban da sayarwa. Shi ya sa kaset ɗin da aka bar mini yawancinsu ba su da hoto, sai kwanan wata da sunan gari da aka rubuta da biro. A yau dubban waɗannan wasanni suna nan a intanet, kowa yana iya saurare.

To a irin wannan kiɗa akwai wanda ake kira gwani, wato mai jitar gaba, wanda makaɗanmu na biki ke cewa mai solo. Shi ake ɗauka hoto, shi jaridu ke yabo. A gefensa kuma akwai wani da shi ma jita ce a hannunsa, wanda sau da yawa sai ya mutu ko ya bar ƙungiya ake gane nauyin da yake ɗauke da shi.

Bob Weir: shekara 30 a inuwar Garcia

Amsar tambayar da matashin nan ya yi mini ita ce Bob Weir. Gwanin Grateful Dead shi ne Jerry Garcia, mutumin da ya rasa fiye da rabin yatsansa na tsakiya na hannun dama tun yana ɗan shekara 4, lokacin da suke faskare da yayansa, amma hakan bai hana shi zama ɗaya daga cikin fitattun makaɗan jita na duniya ba. Weir ya haɗu da shi a daren ƙarshe na shekarar 1963 a wani kantin kayan kiɗa da ke garin Palo Alto, lokacin Weir yana ɗan shekara 16. Shi ne ƙarami a cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, kuma a 1968 har an taɓa yunƙurin sallamarsa saboda ana ganin hannunsa bai kai na sauran ba. Sallamar ba ta daɗe ba ya dawo.

Matsalar da Weir ya tarar ita ce, aikin mai jitar rakiya a kiɗan rok shi ne ya riƙe bugu ɗaya yana ta maimaitawa, kamar mai daka da ke riƙe da lugude. Amma a wannan ƙungiya Garcia yana yawo a sama, mai babbar jita, Phil Lesh, shi ma maimakon ya tsaya a ƙasa sai ya riƙa yawo kamar mai solo, ga kuma masu ganga har biyu. Idan Weir ya ce zai yi bugu irin na kowa, zai toshe wa kowa hanya. Sai ya koma yana sauraren McCoy Tyner, mai buga fiyano a ƙungiyar John Coltrane, musamman yadda hannunsa na hagu ke shimfiɗa wa mai busa tabarma. Weir da bakinsa ya sha faɗin cewa daga nan ya ɗauko salonsa. Sai ya zama yana jefa sauti a gurbin da babu kowa, ya danna tsirkiya biyu ko uku a wurin da ba a zata ba, ya yi shiru, ya sake ɓullowa ta wani gefen. Sau da yawa shi ne ke nuna wa Garcia ƙofar da zai bi, mai sauraro kuma ya ɗauka Garcia ne ya gano ta da kansa.

Da na koma na sa Dark Star ina bin jitar Weir ita kaɗai, sai na ji kamar wani sabon kiɗa aka kawo mini. A wuraren da a da nake cewa Garcia ya yi abin mamaki, sai na lura daƙiƙa kaɗan kafin nan Weir ya riga ya sauya ƙasa a ƙarƙashinsa. Shekara 30 ya yi a wannan matsayi, har zuwa ranar 9 ga Agustan 1995 da Garcia ya mutu yana da shekara 53, sakamakon bugun zuciya, a wata cibiyar da ya shiga don rabuwa da miyagun ƙwayoyi. Wannan ma gaskiya ce da bai kamata a ɓoye wa matasanmu ba: ƙwaya ta cinye lafiyar mutane da dama a wannan gida, kuma a shekarunsa na ƙarshe kowa yana jin yadda hannun Garcia ya yi rauni.

Dickey Betts: wanda ya ɗauki gida bayan mutuwar maigida

Labarin Allman Brothers ya ɗan bambanta, domin su jitar gaba biyu gare su, Duane Allman da Dickey Betts, kuma sukan buga layi ɗaya tare, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar mata biyu masu waƙar niƙa. Ƙungiya ce da tun 1969 ta haɗa farare da baƙar fata, domin ɗaya daga masu gangarsu, Jaimoe, baƙi ne, a lokacin da hakan ba ƙaramin abu ba ne a kudancin Amurka.

Duane shi ne ya yi suna. Yakan sa ƴar kwalbar magani a yatsa yana goga ta a kan tsirkiya, jita ta riƙa kuka kamar goge. Ya buga tare da Eric Clapton a faifan Layla na 1970. A watan Maris na 1971 aka ɗauki wasansu a zauren Fillmore East na Niyok, faifan ya fito a Yulin wannan shekara, kuma har yau ana sa shi cikin manyan faya-fayan wasan kai tsaye. Wata uku bayan fitowarsa, ranar 29 ga Oktoban 1971, Duane ya mutu a haɗarin babur a Macon yana ɗan shekara 24. Shekara ɗaya bayan nan mai babbar jitarsu, Berry Oakley, shi ma ya mutu a haɗarin babur a kusa da wurin.

Wanda ya tsaya ya riƙe gidan shi ne Betts. Shi ya tsara kiɗan In Memory of Elizabeth Reed, wanda ya fi minti 13 a faifan Fillmore, kuma mutane da yawa idan sun ji shi sai su ce kai, Duane gwani ne, alhali rabin abin da suke yabawa hannun Betts ne. Shi ya rubuta Ramblin' Man da Jessica a faifan Brothers and Sisters na 1973, faifan da ya hau matsayi na ɗaya a Amurka. Hannunsa ba shi da kuka irin na Duane. Zaƙi gare shi da tsabta, domin ya taso ne cikin kiɗan ƙauyen Turawan kudu, kuma yakan gina solo a hankali, ya ɗauki ɗan gajeren layi ya yi ta juya shi har ya tumbatsa. Duk da haka, da mujallar Rolling Stone ta fitar da jerin gwanayen jita 100 a 2003, ta sa Duane a na 2, shi kuwa Betts sai can ƙasa, bayan mutum fiye da 50. Ƙungiyar ta rabu da shi a shekarar 2000 cikin rashin jituwa, ya kuma mutu ranar 18 ga Afrilun 2024 yana da shekara 80.

A wannan gidan dai akwai wani da ya fi Betts shiga duhu, Jack Pearson, wanda ya riƙe jita daga 1997 zuwa 1999. Makaɗa ƴan'uwansa suna girmama hannunsa ƙwarai, amma ƙarar amsa-kuwwa a dandamali ta dame shi da ciwon kunne har ya ajiye aikin. Wanda ya gaje shi shi ne Derek Trucks, wanda daga baya ya yi suna a duniya, sai aka wayi gari idan ana lissafa makaɗan ƙungiyar akan tsallake Pearson kamar bai taɓa zama ba.

Michael Houser: mai kiɗa a zaune

Na uku shi ne Michael Houser na Widespread Panic. Sunan ƙungiyar ma daga laƙabinsa aka samo shi, saboda ciwon firgita da yake fama da shi. Mutum ne mai kunya, ba ya tsalle, ba ya rawa, kansa a sunkuye gashi ya rufe masa fuska. Salonsa ya dogara ne da wata feda da ake takawa da ƙafa don ƙara murya ko rage ta, sai sautin jitarsa ya riƙa zuwa yana komawa kamar iska. Yawan taka fedar ya jawo masa ciwon ƙafa, har a shekarunsa na ƙarshe a zaune yake kiɗa a kan kujera.

Houser ba ya jiran a ce ga lokacin solo. Tun daga farkon waƙa jitarsa na zagaye muryar mawaƙi, tana bin ta a baya, kuma ba ya gaggawa. A 1998 ƙungiyar ta yi wasan kyauta a titin garin Athens, aka ƙiyasta mutum kusan 100,000 suka halarta, amma a wajen masoyansu ba kowa ya san sunansa ba. A 2002 aka gano yana da ciwon daji, ya ci gaba da hawa dandamali har farkon watan Yuli, ya mutu ranar 10 ga Agustan wannan shekara yana da shekara 40.

A 2006 Jimmy Herring ya karɓi gurbin. Herring gwani ne na ƙarshe, ya yi karatun kiɗa, yatsunsa kamar walƙiya, kuma babu mai musun cewa ta fuskar ƙwarewar hannu ya fi Houser. To a nan ne gardama ta tashi a tsakanin masoya, kuma har yanzu ba ta mutu ba. Wasu na cewa Herring ya ɗaga ƙungiyar zuwa inda ba ta taɓa kaiwa ba. Wasu kuma na cewa sauti 10 na Houser sun fi musu 100 na Herring, domin shi Houser idan ya buga sukan ji kamar da su yake magana.

Kowa da kiwon da ya karɓe shi

Wannan gardama ita ce ta faru a wayar sitidiyonmu tsakanin direba da tela, kuma ita ce ke tsakanin masoya wannan kiɗa a Amurka shekara da shekaru. A iya fahimtata, masu sauraro sun kasu gida-gida.

Akwai masu neman waƙa. Su a wurinsu kiɗa abin hawa ne, magana ce fasinja. Idan aka yi minti 5 ba a ce komai ba sai su ga an ɓata musu lokaci. Yawancin mutanenmu a nan suke, kuma suna da hujja, domin mun taso ne da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, inda kalangu da kuntigi ke yi wa magana hidima. Ko a Amurka akwai masu sukar waɗannan ƙungiyoyi da cewa yawo kawai suke yi da yatsu ba su san inda za su ba, kuma ni da ke da kwalin kaset zan shaida cewa a wasu darare gaskiya suka faɗa. Wanda ya ce zai ƙaga kiɗa a gaban jama'a kowane dare, dole wata rana ya yi ɓatan kai. Akwai kaset ɗin da tun da na ji shi sau ɗaya ban sake sa shi ba.

Akwai masu neman ƙwarewa, wato gudun yatsa da wuyar abin da aka buga. Su ne ke fifita Herring, kuma da yawansu sun fi son Trey Anastasio na Phish, wanda yakan tsara kiɗa mai sarƙaƙiya sannan ya yi ta ɗaure mai sauraro yana ƙara ɗaurewa har ya sake shi gaba ɗaya. Tsofaffin masoya Grateful Dead kuma sukan ce Phish wasa ya yi musu yawa, waƙoƙinsu ba su da nauyi. Da aka gayyaci Anastasio ya tsaya a gurbin Garcia a wasannin cika shekara 50 da aka yi a 2015, sai da aka yi ta ka-ce-na-ce, haka kuma da John Mayer ya shiga sabuwar ƙungiyar da Weir ya kafa tare da tsofaffin masu gangarsu a wannan shekarar.

Sannan akwai masu sauraren hira, wato yadda makaɗa ke ba juna amsa. Waɗannan su ne ke gano irin su Weir. Ba sa tambayar wa ya fi gudu, sai dai wa ya ji abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Na lura yawancin masu irin wannan kunne ko dai makaɗa ne, ko kuma masu sana'ar da ake yi da hannu fiye da ɗaya. Shi telan nan da ya kira ni, da muka haɗu daga baya, ya ce shi abin da ya ji a kiɗan shi ne mutum biyar suna ɗinka riga ɗaya ba wanda ya soki ɗan'uwansa da allura.

Ban ga dalilin da zai sa ɗaya ya raina ɗaya ba. Direban da ya ce na'ura ta maƙale ba jahili ba ne, yana iya rera maka waƙar Shata tun daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Abin da na ƙi yarda da shi kawai shi ne mutum ya yanke hukunci a kan kiɗan mutum biyar alhali mutum ɗaya ya saurara. Laifin da ni kaina na yi shekara 25 ina yi ke nan.

Mu ma muna da namu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan zance ya yi nisa da mu. Su kansu Grateful Dead sun taka ƙasar Afirka, domin a watan Satumban 1978 sun yi dare uku suna wasa a gindin dalar Giza ta Masar, tare da Hamza El Din, makaɗin Nubiya. A gefe guda kuma, jitar Abzinawa ta ƙasarmu ta shiga Amurka, kuma dogon solo da maimaita bugu har jiki ya ɗauka suna cikin abin da ya sa ta karɓu a can.

Yadda kiɗan ya yaɗu ma akwai kama. Waƙoƙin marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, daga hannu zuwa hannu suka riƙa yawo a kaset a shekarun 1990. Mdou Moctar kuwa a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, kuma ta katin salula waƙoƙinsa suka zagaye Sahara kafin wani kamfani na waje ya san da shi. Bombino ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa a takarar kyautar Grammy, da faifansa Deran na 2018.

To amma in tambaye ku: mutum nawa ne a cikinmu suka san sunan Ahmoudou Madassane? Shi ne mai jitar rakiya a faya-fayan Mdou Moctar irin su Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024. Duk lokacin da kuka ji Mdou ya tashi sama da jitarsa kamar ba zai dawo ba, akwai hannun da ke riƙe da bugu a ƙasa ba ya gezau, kuma ba don shi ba da solon ya zama hayaniya. Mutum ne da ya yi nasa aikin, domin shi ya fito a fim ɗin Zerzura na 2017 kuma shi ya yi kiɗansa, ya kuma yi rakiya ga ƙungiyar Les Filles de Illighadad. Amma a gidajen rediyonmu, har da namu, sai mu ce ga Mdou Moctar, mu wuce. Haka muke yi wa ƴan amshi da makaɗan kalangu na manyan mawaƙanmu. Muna iya kawo waƙa 50 ta mawaƙi, ba mu iya kawo sunan mutum biyu da suka yi shekaru suna tsaye a bayansa.

Kuma abin bai tsaya ga suna ba. Matashin da ya kira ni ya zo gidan rediyo bayan mako biyu, muka zauna. Shi mai rakiya ne a ƙungiyarsu. Ya ce a wurin biki mai solo ake yi wa liƙi a goshi, shi kuma yana tsaye awa huɗu yana riƙe da bugu har yatsunsa su yi kanta, idan an tashi rabo abin da aka ga dama ake miƙa masa. Ya ce ya fara tunanin ko dai ya koma solo ko ya bar kiɗan ya kama acaba. Na sa masa Weir, na sa masa Betts, muka yi kusan awa biyu muna saurare. Ban ce masa ya zauna ko ya tafi ba, domin ba ni ke ciyar da iyalinsa ba. Abin da ya ce da zai tafi shi ne bai taɓa sanin ana iya yin rakiya ta haka ba, kuma zai gwada a bikin da ke tafe, in mai solonsu bai kore shi ba.

A ɓangarenmu kuma, shugaban gidan rediyo ya kira ni ya nuna mini cewa minti 23 ba tare da an karanta katin gaisuwa ko ɗaya ba asara ce ga gidan da da kuɗin gaisuwa yake sayen man janareto. Shi ma yana da gaskiya. Muka daidaita a kan dogon kiɗa ɗaya a Asabar ɗin ƙarshen kowane wata, bayan sha ɗayan dare. Ni kuma na ɗaukar wa kaina cewa duk kiɗan da zan sa, na waje ne ko na gida, sai na nemo sunan kowane makaɗi na faɗa. Na waje ba wuya, suna rubuce. Na gida ne ke ba ni aiki, domin tsofaffin kaset ɗinmu sunan mawaƙi kawai suke ɗauke da shi, kuma waɗanda suka san sauran suna ta ƙarewa.

Saboda haka ina roƙon masu karatu, duk wanda ya san sunan wani makaɗi ko ɗan amshi da ya yi wa wani babban mawaƙi hidima ba a san shi ba, ya rubuto ta adireshin wannan jarida, da sunan garinsu da mawaƙin da ya bi, za mu karanta a rediyo mu kuma kawo a wannan fili. Wanda kuma yake da salula mai intanet, ya nemi ɗaya daga kaɗe-kaɗen da na ambata, ya saurara sau biyu: na farko ya bi gwani yadda ya saba, na biyu ya bi na gefensa. In ya gama ya rubuto ya gaya mana wanne ya fi masa, ko da kuwa ra'ayin direba ya bi.